Barƙiyyar da Ta Same Ni a Zahle

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa Sidi Mahmud kafin ya gano na fi shi karatu, kuma bai taɓa yafe mini ba. Shi ɗan kasuwa ne, shinkafa da sukari yake shigowa da su ta tashar jiragen ruwa, gidansa yana unguwar Sharafiyya a birnin Jidda. Ni kuwa Na'ibi, a Karantina, unguwar talakawa a gefen birnin, aka haife ni. Kakana ya taso daga Haɗeja da ƙafa don ya sauke farali, ya sauke, sai hanyar komawa ta yi masa nisa. Ga mu nan har yau.

Aikin direba rabinsa jira ne. Wasu da barci suke cinye jiran, wasu da gulmar iyayen gidansu. Ni da littattafai na cinye nawa, tsofaffi masu warin ƙura, waɗanda nake tsinta wurin 'yan gwanjo a kasuwar Bab Makka. A cikinsu na san ƙasar Sham tun ban taka ta ba. Na san ganuwowinta, da garuruwanta da aka ci da yaƙi aka sake ci, da wani kango a Ba'albak wanda mutane ke cewa aljanun Annabi Sulaiman ne suka ɗora duwatsunsa. Na fi shekara ashirin ina son ganin duwatsun nan da idona. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya ce na ɓoye.

A ƙarshen zafin shekarar 1965 Sidi Mahmud ya sayi sabuwar mota, ya ce bana ba zai hau jirgi zuwa Lubnan ba, ta ƙasa za mu bi, yana son ya ga duniya. Iyalinsa sun riga sun wuce Masar wurin dangin matarsa. Daga shi sai ni.

Matata Zaituna kuwa tun bayan aikin hajjin shekarar take tari. Gyaɗa take soyawa da gishiri tana sayarwa a ƙofar gida, to a lokacin har farantin ya fara yi mata nauyi. Zoben azurfar da na saya mata ya koma yatsan tsakiya don kada ya faɗi. Ba mu da ɗa a raye. Mu biyu ne a ɗakin kwano da katako, sai akwatin littattafaina da take kira kishiyarta.

Da safen da zan tafi na tsuguna a gefen shimfiɗarta.

"Ya jikin?"

"Da sauƙi, Malam."

Ba ta taɓa kiran sunana ba. Malam take ce mini, rabi girmamawa, rabi zolaya, kuma ita kaɗai ta san inda rabin ya tsaya.

"In kin ce in zauna, in zauna."

"In ce ka zauna, ka wuni kana kallona kamar ni na rushe maka ganuwar? Tashi ka je ka ga duwatsunka. An ce can inabi har bakin hanya. Ka taho mini da shi. Amma wanda ba a matse ba, kar ka ja mana abin faɗa a unguwa."

Na yi dariya, ita ma ta yi, tari ya karɓe sauran.

A waje na sami yayanta Husaini. Ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, ƙato, mai ƙarancin magana, wanda tun ranar ɗaurin aurenmu yake kallona kamar buhun da aka yi wa algus. Na miƙa masa takarda.

"Yaya Husaini, wannan sunan masaukin da maigida yake sauka ne a garin Zahle. In jikin ya tsananta ka buga mini barƙiyya."

"Me ke nan?"

"Saƙon waya. Kwana ɗaya ya iso."

"Ni na iya rubutu ne? Kai ne malamin."

"Akwai magatakarda a ofishin waya. Ka faɗa masa, shi zai rubuta."

Ya ninke takardar ya cusa a hula. "Allah ya kiyaye hanya," ya ce, yana kallon bango.

Muka bi ta Madina, muka yi ziyara, muka miƙa Tabuka. Kwana biyu babu komai sai yashi da baƙin dutse da surutun Sidi Mahmud a kan farashin sukari. Da muka shiga ƙasar Urdun na roƙe shi mu ratse ta Karak. Can na ga ganuwa ta farko. Tana zaune a kan dutse kamar ita ta haifi dutsen, garin kuma ya maƙale a gindinta. Na fara gaya masa su wa suka gina ta, da wanda ya kewaye ta da mayaƙa har na ciki suka ci dawakansu.

"Ya Na'ibi," ya ce daga kujerar baya, bai ko sauke gilashi ba, "direba na ɗauka ko makaranta? Yalla, nemo mana inda ake gasa nama."

Mutumin da ya fito ganin duniya ke nan. Ya ga Dimashƙa ta tagar gidan abinci, ya ce ta yi.

Daga Dimashƙa hanya ta hau dutse ta yi ta hawa, sannan ta zubo da mu cikin kwarin Biƙa. Wanda ya tashi a Karantina, inda ruwan sha ma a garwa ake kawo shi, ba shi da kalmar da zai faɗi wannan wuri da ita. Kurangar inabi layi-layi daga bakin kwalta har gindin tsaunuka, baƙi da fari da ja, 'ya'yan sun yi nauyi suna taɓa ƙasa. Lokacin tsinka ne. Mata da kwanduna a ka, jakuna suna rangaji da kaya, iskar ma zaƙi take yi. Zahle kuma gari ne na fararen duwatsu da jajayen rufi, an rataye shi a gefe biyu na wani rafi mai sanyi, an jera tebura a bakin ruwan.

A bakin ruwan nan Sidi Mahmud ya gano yana da ciwon ciki. A Jidda shi ne mai yi mini faɗa in na jinkirta la'asar, amma a Zahle likitansa ya umarce shi da wani farin magani wanda in an zuba masa ruwa sai ya koma kamar nono. Mai haɗa maganin wani tsoho ne Kirista, Abu Ilyas, mai gonar inabi a bayan gari da wani kogo cike da gangunan giya. Mutum ne mai gashin baki kamar tsintsiya da dariyar da ake ji daga ƙetaren rafi. Ranar farko ya miƙo mini kofi.

"Ba na sha, ya ammi, baffana."

"Maigidanka ma ba ya sha. Magani yake yi."

"Ni lafiyata ƙalau."

"To Allah ya ba ka ciwon!" Ya bushe da dariya, ya tsinko mini curin inabi mai tsawon hannuna. "Ci wannan. Shi ma giya ne, bai dai yi hankali ba tukuna."

Sidi Mahmud ya tsara kwanakinmu yadda yake tsara kaya a sito. Akwai abokan ciniki da zai gani a Shatura, akwai walima a wani ƙauye. Ba'albak, da na yi ta naci, ya sa ta ranar Talata.

Ranar Alhamis da hantsi, ina wanke mota a ƙofar masauki, mai masaukin ya fito da takarda. Da sunan maigida aka aiko ta, don haka shi aka miƙa wa. Ya buɗe, ya karanta, ya ɗaga hannu.

"Mabruk ya Na'ibi! Albishirinka. Daga surukinka ne."

Na goge hannu na karɓa. Kalma uku ce da Larabci. Zaituna ahsan. Husaini.

A Larabci maganar a fili take. Ahsan, wato ta ji sauƙi, ta fi jiya. Balarabe in ya faɗi haka abin da yake nufi ke nan. Amma Husaini ba ya tunani da Larabci, ɗaukar kaya kawai yake yi da shi. Ina tsaye da tsumma a hannu na mayar da kalmar cikin bakinsa, na ji abin da ya fara faɗa kafin magatakarda ya juya shi. Da sauƙi.

Wa ya taɓa jin Bahaushe ya ce wani abu ban da wannan? Ubana ya ce da sauƙi ana tsakiyar karanta masa Yasin. Kuma wane ɗan dako ne zai bar jirgi ana sauke kaya, ya taka har cikin gari, ya bi layin ofishin da bai taɓa shiga ba, don kawai ya shaida wa surukin da ba ya so cewa babu komai? Ni na ce masa in jikin ya tsananta ya buga. Ya buga.

Na gane. Kafin in gama ninke takardar na gane.

Ga kuma abin da ya hana ni samun wanda zan ɗora wa laifi duk shekarun nan. Sidi Mahmud ya dube ni ya ce, "Fuskarka ba ta yi kama da ta mai albishir ba. Ka ji, in hankalinka bai kwanta ba, Bairut ga ta nan bayan dutse. Gobe akwai jirgin Jidda. In sa ka a ciki, ni in nemi direba a nan. Wallahi ba komai."

Na so a ce azzalumi ne. Da ya hana ni, da na sami abin taunawa har in mutu. Amma mutumin nan mai hadama, wanda bai san bambancin ganuwa da katangar makewayi ba, ya buɗe mini ƙofa da hannunsa.

Na sake duban takardar. Da Larabci aka rubuta ta. Ni kuwa ai na iya Larabci, na fi Larabawan da nake tuƙawa. Me zai sa mai ilimi ya bar abin da ke rubuce ya bi zato? Kwana biyar ne kawai zuwa Talata.

"A'a, ya Sidi," na ce. "Ahsan aka ce. Alhamdu lillahi."

"Halas, shi ke nan," ya ce, ya koma ciki.

Da yamma muka je gonar Abu Ilyas, maigida ya ba shi labari. Tsohon ya rungume ni, ƙamshin kogonsa duk ya bi rigata.

"Da yarenku yaya ake faɗi? Ahsan ɗin nan?"

"Da sauƙi."

"Da sawki!" Ya ɗaga kofi. Kalmar ta yi masa daɗi a baki. Daga ranar ta zama gaisuwarsa. In ya hango ni daga cikin kuranga sai ya ɗaga almakashi ya ƙwala, "Ya Na'ibi! Da sawki!" Ma'aikatansa ma suka ɗauka. Kwana huɗu ana jifana da ita daga kowane layin inabi, ni kuma ina ɗaga hannu ina murmushi.

Talata ta zo. Muka bi kwarin zuwa arewa, inabi ya yi ta raguwa, ƙasa ta yi ja, sai ga ginshiƙan kangon guda shida tsaye a sama tun gari bai bayyana ba. Sidi Mahmud ya sami inuwa da mai shayi, ya ce in je in gaishe masa da aljanun.

Zan so in rubuta cewa wurin bai kai yadda littattafai suka faɗa ba. Ya fi. Na tsaya a gindin ginshiƙi guda na buɗe hannuwana, ban rungume ko sulusinsa ba. Na ga inabi da aka sassaƙa a jikin dutse a bakin wata ƙofa, har da ganyensa da 'yar igiyar da yake kama reshe da ita, mai sassaƙar ya mutu tun kafin zuwan Musulunci amma curin kamar a tsinka. Na ga inda Musulmi suka zo daga baya suka mayar da gidan gumakan ganuwa, suka huda tagogin harbi. Na taka zuwa bayan gari inda wani dutse guda yake kwance, an sare shi ba a ɗauka ba, na auna tsawonsa da ƙafa, na rasa lissafi, na sake. Na yi azahar a inuwarsa. Na roƙi Allah abubuwa da yawa a sujadar nan, har da tsawon rai don in dawo. Sai da na sa takalmi na tuna ban ambaci Zaituna ba.

Ban taɓa jin daɗi a rayuwata kamar na wunin nan ba. Wannan ma na rubuta shi.

Bayan Talata ban ce a kai ni Bairut ba. Wata barƙiyyar ba ta zo ba, na ce shiru ai alheri ne. Muka gangara Saida muka ga ganuwar da ke tsaye cikin teku, muka hau wasu garuruwan kan dutse masu fadoji da maɓuɓɓugan ruwa a tsakar gida. Na gansu duka. Ba na iya tuna ko ɗaya sosai.

Ranar da za mu juyo na je wurin Abu Ilyas neman inabin Zaituna. Da kansa ya zaɓa, baƙi mai kauri, ya shimfiɗa ganye a kwando ya jera.

"Amma ka ji, ɗana, wannan ba zai ƙetare hamada ba. Kwana biyar a bayan mota? Ɗauki busasshe."

"Ɗanye ta ce."

"Mata!" Ya ɗaure bakin kwandon. "Ka ce mata Abu Ilyas yana gaisuwa. Da sawki!"

Tun a garin Ma'an na ƙasar Urdun kwandon ya fara zuba. Kafin mu kai iyaka zafi da girgizar hanya sun yi masa abin da Abu Ilyas yake yi da gangan a kogonsa. Jami'in kwastan ya buɗe bayan mota, ya ja baya, ya kira abokinsa. Sidi Mahmud ya yi fari fat, don shi ya san abin da ya kwantar ƙarƙashin tayar safaya. Suka kwance kwandon, suka ga inabi ne ya narke, ƙudaje sun samu biki.

"Zubar da wannan, ya hajji."

"Na matata ne."

Suka dubi juna suka yi dariya, suka ɗaga mana hannu. Warin ne ya ceci maganin maigida, don ba su ƙara taɓa komai ba. Har Madina yana yi mini godiya.

Da la'asar muka shiga Jidda. Na sauke shi a Sharafiyya, na ɗauki kwandon a kafaɗa na nufi Karantina, ruwan yana bin bayan rigata. Na zaɓi 'yan curin da suka rage da kamanninsu na ɗora a sama. A lungunmu matan da ke zaune a ƙofofi suka amsa sallamata ƙasa-ƙasa, babu wadda ta ce sannu da zuwa. Farantin gyaɗa ba ya ƙofar gida. A wurinsa tabarma ce, Husaini yana zaune a kai.

Na ajiye kwandon.

"Yaya Husaini, mun same ku lafiya? Ya mai jiki?"

"Ta samu sauƙin, Na'ibi. Gaba ɗaya. Ran Talata da azahar, yau kwana goma sha biyu."

Na zauna a ƙasa, ba a kan tabarmar ba. Na yi salati, ko dai bakina ya yi.

"Ba ka sake bugowa ba," na ce.

"Na farko bai kawo ka ba. Na biyu me zai ɗauko?"

Ya ciro goro ya duba, ya mayar aljihu.

"Ran Laraba ta daina cin abinci. Na ce mata zan je ofishin nan, in ce ka taho yanzu-yanzu. Ta ce kul. Ta ce ita ba za ta aika a kira mijinta a gaban maigidansa kamar wadda ba ta da kunya ba. Ka ce da sauƙi, in ji ta. Na ce in bai gane ba fa? Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce mutumin da ya karance Bab Makka kaf, kalma biyu ce za ta gagare shi?"

Ya ci gaba.

"Ran Juma'a ta sa A'i maƙwabciya ta yi mata kitso. An ce mata ran Juma'a jirgin Bairut yake sauka. Asabar ta sa aka juya shimfiɗar ta fuskanci ƙofa."

Wani ƙuda ya tashi daga kwandon ya sauka a gwiwarsa. Bai kore shi ba. Ya juyo ya dube ni sosai, abin da bai taɓa yi ba tun da na auri ƙanwarsa.

"Amma na yi tunani daga baya. Magatakardan nan Balarabe ne. Na ce masa da sauƙi, ya ce me ke nan, na yi masa bayani da ɗan Larabcina, ya rubuta abin da ya rubuta. Wataƙila shi ya ɓata maganar. Da Larabci ta zo maka, ba ka gane ba. Ko?"

Ya jira. Mutumin da bai iya rubuta sunansa ba ya shimfiɗa mini ƙarya kamar darduma, ya koma gefe yana kallo ko zan taka.

"Ban gane ba," na ce.

"Haka na faɗa wa mutane."

Haka kuwa Karantina ta riƙe. Har yau in an tashi aika saƙo gida ko Makka, sai ka ji wata tsohuwa tana cewa a yi hankali da magatakardan Larabawa, su suka hana Na'ibi ganin matarsa. Husaini ya rasu bara bai taɓa canza labarin ba, bai kuma ƙara cin abinci a kwano ɗaya da ni ba.

Ya shaƙi iska, ya yamutsa fuska.

"Me ke cikin kwandon nan yake wari haka?"

"Inabi ne. Ita ta ce in kawo mata."

"Kai shi bayan gida. Yanzu mutane za su ji ka dawo su taho gaisuwa, kar su ce wani abin ka koyo a can."

Na tashi na sungumi kwandon. Gindinsa ya jiƙe, ya bar jan zobe a ƙasa daidai inda farantin gyaɗa yake zama. Na kai bakin ƙofa ke nan ya kira ni.

"Na'ibi."

"Na'am, Yaya."

"Ka dai ga duwatsun?"

"Na gani."

"Suna nan lafiya?"